Ranar Da Na Wanke Ƙwayayen Rediyo

Wata damina, lokacin ina gyaran rediyo a Ƙafin Maiyaki, Alhaji Sale direba ya kawo min rediyon motarsa. 'Yan jajayen ƙwayayen da ke haskawa a fuskar rediyon sun mutu. Ya sayo sababbi daga Kano cikin rufaffiyar leda, mai kanti ya gargaɗe shi kada danshi ya taɓa su.

"Alhaji, ba yau na fara ba," na ce, ina yage ledar.

Sai suka zube cikin taɓo. Ban ko girgiza ba. Na tsoma su a kofin ruwa, na wanke tas, na goge da bakin riga. Fasinjoji na jira a mota, Alhaji yana tsaye a kaina, kuma kowa ya san zafin zuciyarsa.

Ƙarfen dalma mai zafi da nake liƙa su da shi na taɓa ƙwan farko, sai ƙwan ya tsage. Na biyu ma haka. Ashe ruwan da ya shige su ne ke tafasa. Haka na ci gaba har na ƙarshe ya fashe.

Alhaji ya dube ni ya ce: "Da sabulu ka wanke, ko ruwa zalla?"

Har yau in na ratsa tasha, 'yan kamasho sai su miƙo min rediyo: "Malam, a yi masa wanka."