To Ɗin Alhaji Barau

A kasuwar Kurmi akwai wani mai sayar da huluna, sunansa Haladu. Rumfarsa ba ta wuce ka shiga ka juya ba, amma in ka ga shafinsa a waya sai ka rantse bene ne hawa uku. Tun ranar da ya gano mutum yana iya zama a Legas ko Yamai ya sayi hula a Kano ba tare da ya hau mota ba, Haladu ya daina wahalar da maƙogwaronsa wajen kiran masu wucewa. Sai ya kafa hula a kan gwiwarsa, ya ɗauke ta hoto, ya ɗora a Fesbuk, ya jingina yana jiran waya ta yi ƙara.

Ciniki ya buɗe, sai dai ya zo da ciwon kansa. Mutum zai sayi hula ranar Laraba, ya ci ɗaurin aure da ita ranar Asabar, ranar Litinin ya aiko da ita tana tashin gumi da turare, wai ba kalar da ya gani a hoto ba ce. Da abin ya ishi Haladu sai ya kai kukansa wurin ƙanwar matarsa Suwaiba, wadda lauya ce. Ta zauna ta rubuta masa sharuɗɗa: mai saye shi zai auna kansa ya faɗi lamba, kuma hular da ta hau kai ta fita unguwa ba a mayar da ita. Ta ce ya riƙa tura wa kowa kafin ya karɓi kuɗi, kuma ko waya za ta fashe kada ya goge hirar.

"Sannan Yaya Haladu, ka tabbata mutum ya rubuta 'na amince' ɓaro-ɓaro," in ji ta. "Kada ka karɓi abin da ya gaza haka."

Haladu ya ce, "To." Ya ɗauki sharuɗɗan ya tafi, wannan maganar ta ƙarshe kuwa a falonta ya bar ta.

Ana nan sai ga saƙon wani Alhaji Barau daga Gusau, tsohon kansila, zai aurar da ɗansa. Idonsa ya faɗa kan wata zanna ɗinkin hannu, wadda ta fi kowace hula tsada a rumfar. Haladu ya tura masa sharuɗɗa. Alhaji ya rubuto, "To." Ya ce lambar kansa ashirin da biyu, ya turo kuɗi, Haladu ya naɗe hula ya kai tasha ya ba direba, bakinsa har kunne.

Abin da Haladu bai sani ba, ashirin da biyun nan kan Alhaji ne na zamanin da yake koyarwa a firamare. Tun daga nan ya yi kansila sau biyu, wuya ya yi kauri, ƙeya ta ninku, kai ma ya bi sahu. Hula ta isa Gusau, ta hau ta tsaya a tsakar ka kamar murfin ƙaramar tukunya a kan babba. Da Alhaji ya ajiye ta a ranar, da magana ta mutu. Ina! Ya danna ta da hannu biyu, ya fita da ita ɗaurin aure, tun hantsi har la'asar yana tafiya a hankali kada ta faɗo. Abokai kuwa ba su raga masa ba, wani har ya tambaye shi ko ta jikansa ya aro.

Ranar Litinin ya bugo waya yana huci, a karɓi hula a dawo masa da kuɗinsa. Haladu ya riga ya ga hotunan bikin, don Alhajin da kansa ya watsa su, sai ya ce Alhaji ya yi haƙuri, sharaɗi sharaɗi ne. Shi ke nan fa Alhaji ya tuɓe ya shiga shafin Haladu. Duk hoton hular da aka ɗora, a ƙarƙashinsa sai ka ga an rubuta, "Jama'a ku yi hattara, macuci ne." Cikin mako biyu waya ta yi tsit. Bai tsaya nan ba, ya hau mota ya zo Kano ya shigar da ƙara.

Hankalin Haladu ya tashi ƙwarai, kuma ba don hular ba. Mai ciniki a waya ba shi da abin da yake nuna wa mutane sai suna. In alƙali ya ce shi ne da laifi, kalmar macucin nan ta zauna masa ke nan, sai ya rufe shafi ya koma kiran masu wucewa. Ya garzaya wurin Suwaiba da waya a hannu. Ta karanta hirar daga sama har ƙasa, ta ɗago.

"Ina 'na amince' ɗin?"

"Ai ga shi nan, ya ce to."

Ta dafe kai. "Yaya Haladu, ranar ina da shari'a a Kaduna. Sai ka je ka yi wa alƙali bayanin to ɗin nan da bakinka."

Ranar shari'a Alhaji Barau ya zo da babbar riga, da wata hula daidai kansa, zannar rigima kuma a leda. Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana. Ya karɓi wayar Haladu, ya gyara tabarau, ya karanta sharuɗɗan a fili, sannan ya dubi mai ƙara.

"Alhaji, an turo maka wannan?"

"An turo, Allah ya gafarta Malam."

"Kuma ƙarfe sha ɗaya da minti goma ka rubuta 'to'."

"Na rubuta. Amma ban ce na yarda ba."

Alƙali ya ajiye waya. Alhaji kuwa ya gyara tsayuwa, ya yaye hannun riga zuwa kafaɗa, da ma bakin siyasa bai mutu ba.

"Allah ya gafarta Malam, kai Bahaushe ne, ni Bahaushe ne. To ai ba guda ɗaya ba ce. Akwai to ta na ji. Akwai to ta bari in yi tunani. Akwai to da za ka ce wa mutum don ya ƙyale ka ka sha iska. Akwai 'tooo' ta mamaki. Akwai kuma 'to, to' wadda in uba ya yi wa ɗa, ɗan ya san ya nemi hanyar gudu. A baki murya ce ke raba su. A rubuce fa? Harafi biyu ne, ba murya, ba fuska. Da me wannan bawan Allah ya auna ya ce tawa ta yarda ce?"

Kotu ta ɗauki guna-guni, masu gyaɗa kai suna yi. Alƙali ma sai da ya murmusa, ya ce, "Wannan gaskiya ne. Ni kaina in na ce zan fita uwargida ta ce mini to, sai na tsaya na kalli fuskarta kafin in sa takalmi."

Aka fashe da dariya, ban da Haladu. Gumi ya keto masa har cikin hula. Abin da ya fi ba shi haushi, ya san Alhaji bai yi ƙarya ba, don shi kansa irin to ɗin da ya yi wa Suwaiba ke nan. Ya hango wasu 'yan kasuwarsu a benci na baya, waɗanda kafin azahar za su kai labari kowace rumfa.

Alƙali ya juyo gare shi. "Malam Haladu, ka ji abin da ya ce. To iri-iri ce, ga ta a rubuce ba murya. Kai ta yaya ka gane wacce Alhaji yake nufi?"

Alhaji ya harɗe hannu a kan tumbi yana kallonsa ƙasa-ƙasa. Haladu ya share goshi, ya ɗan rusuna.

"Allah ya gafarta Malam, wallahi ni ma da farko ban gane ba. Ina zaune ina ta juya ta, minti biyu tsakani sai banki ya turo mini fassara."