Ranar da Na Ƙara wa Satifiket ɗin Hanifa Tawada

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da satifiket ɗin Hanifa ba, 'yata ta fari. Ranar da ta gama makarantar nazare a nan Asata, Inugu, na kawo shi gida na zauna ina ta kallo. Ga sunanta da manyan baƙaƙe, kowanne da 'yan ƙafafu a ƙasa kamar an sa masa takalmi. Sai dai gefe ɗaya na kowane harafi kauri kamar muciya, ɗaya gefen kuwa silin gashi, sai ka ƙura ido za ka gan shi.

Ni a aji uku na tsaya, amma na san in rubutu ya rame, tawada ce ta ƙare. Wato sai da injinsu ya zo kan 'yata ya gaji! Ga shi ran Litinin za mu kai takardar firamaren da na shekara ina mata buri. In suka ce ba ta karantuwa fa?

Babanta yana mayanka, babu mai hana ni. Na ɗauko baƙin biro, na bi kowane siririn layi na cike shi. (Har da cije leɓe, wai ni gwana.)

A ofis, Madam shugabar makarantar ta ɗaga takardar, ta sauke tabarau. Da Turancin buroka ta ce, "Maman Hanifa, wa ya taɓa wannan? Ba ma karɓar takardar da aka bi da hannu. Ina zan san ba ta jabu ba ce?"

Iyaye na zaune kan benci a bayana, suna jin komai. Na ga gurbin yarinyar nan yana tafiya a kan idona.

Sai Hanifa ta ɗaga murya, ita ma da buroka: "Mama ce! Ta ce 'yan makarantarmu rowar tawada suka yi."

Madam ta yi dariya har da riƙe tebur, 'yan benci suka taya ta. Da ta huta ta ce, "'Yar uwa, da gangan ake zana shi haka. Kaurin da sirantar su ne adon. Shi ya sa ake sa shi a satifiket, da katin biki, da kwalbar turare mai tsada. Ke kin mai da shi rubutun bayan tifa."

A gabana ta buga wa nazaren waya. Suka ce tabbas Hanifa tasu ce, za su buga mana sabo. Ta jawo rajista ta rubuta sunan 'yata. Na yi ta zuba mata godiya.

Yanzu abin da ban gane ba, tambaya nake yi kafin in taimaka masa. Jiya maƙwabciyata ta kawo katin bikin ƙanwarta, rabin baƙaƙen duk a rame. Na ce ma sha Allah, ya yi kyau, na zauna a kan hannuwana har ta fita.