Gaisuwar da Ta Kwantar da Alhaji a Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ladabina ya kusa raba ni da matar da nake nema. Ladabi fa na ce, ba rashin kunya ba. A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, ina sabon zuwa Greensboro a Amurka, ina ɗaukar kwalaye a wani katafaren sito, ina kuma neman auren Ramatu, nas a wani asibiti. Ni da ita mun gama magana. Saura babanta, Alhaji Isufu, tsohon jandarma daga Damagaram, mutumin da idan ya kalle ka sai ka soma tuno laifukan da ba ka ma yi ba.

A wajen wani suna na jefa kaina. Ana cin shinkafa, hira ta gangaro kan farauta, sai na ji bakina yana cewa ai ni jikan maharba ne, da bindiga aka yi mana wasan yara a Maraɗi. (Kakana goro yake sayarwa. Babbar farautar da na taɓa gani a gidanmu ita ce ranar da aka rutsa gafiya a bayan rumbu, ni kuma ina kan katanga.) Alhaji ya ajiye cokali ya dube ni, karo na farko da ya yi min kallon mutum.

"Madalla," ya ce. "Ran Asabar ina zuwa filin harbi a McLeansville. Ka same ni can, mu ga hannun jikan maharba."

Baki shi ke yanka wuya. Da na gaya wa Ramatu a waya, sai ta ce, "Ka taɓa riƙe bindiga kuwa?" Na ce mata kada ta damu, abu ne na jini.

Ran Asabar na sha shadda fara ƙal, ta sha sitati har tana ƙara, na kafa hula zanna. Wai filin harbi za ni, amma a raina gaban suruki za ni. Abokin aikina Awudu, ɗan zangon Kumasi, shi ya kai ni a motarsa, muka riga Alhaji isa don in ɗan saba da abin. Tun a hanya yake min dariya, yana kirana cale, wato aboki a bakin mutanen Gana. "Cale, wannan kayan Sallah ne ko na yaƙi?"

Filin a bayan gari yake, cikin itatuwa. Doguwar rumfar kwano ce da tebura a jere, can gaba kuma an kafa takardun da ake auna, bayansu tudun ƙasa mai tare harsashi. Mai kula da wurin wani dattijon bature ne mai jar hula. Ya ba ni aron doguwar bindiga, irin wadda duk jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa ta kuma ɗana wa kanta na gaba. Ya tsaya ya yi min bayani dalla-dalla. Kowace bindiga ka ɗauka cewa da harsashi a cikinta. Yatsa ba ya kusantar kunama sai ka shirya harbi. Bakin bindiga kullum yana kallon tudun can, ko me ya faru a bayanka. Harbi kuma ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, don harbi da sauri na waɗanda aka horar ne, su ma sai da izininsa. Ina ta gyaɗa kai kamar na fahimta, alhali hankalina yana kan yadda zan tsaya idan Alhaji ya iso.

Ya miƙo min abin toshe kunne mai kama da na masu sauraron waƙa. Na ga zai murƙushe min hula, sai na karkata shi, kunne ɗaya a rufe, ɗaya rabi a buɗe. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Harbin farko ya girgiza ni har cikin haƙora. Na biyu ya ɗan yi daɗi. A na uku shaiɗan ya raɗa min cewa jikan maharba ba ya harbi kamar mai ƙirga ƙwai. Na tuno finafinan da muke kallo a gidan bidiyo muna yara, na cije leɓe, na shiga jan kunama ba ƙaƙƙautawa. Abin da finafinan ba su gaya min ba shi ne, duk harbi bakin bindiga sama yake ɗagawa, in ba ka tsaya ka maido shi ba kuwa gaba yake yi. Ƙasa ta yi ta tashi a saman tudu, takardata tana tsaye lafiya lau ko ƙwarzane babu. Wani kwanson harsashi mai zafi ya daki ginshiƙi ya dawo ya faɗa min ta wuyan riga, ya gangara har cibiya. Mai jar hula ya taho yana ɗaga hannu yana ihu.

Daidai nan kunnen da na bari a buɗe ya jiyo wata murya a bayana.

"Salamu alaikum."

Alhaji ne, da Awudu yake gaisawa, ba ma da ni ba. Amma ni tun ina yaro aka dasa min cewa babba ba ya sallama ka ba shi ƙeya. Uwata ta sha ja min kunne a kan haka. Kafin ƙwaƙwalwata ta ce uffan, jikina ya riga ya yanke hukunci. Na juyo gaba ɗaya, na rusuna har gwiwa tana taɓa ƙasa, na ce, "Barka da isowa, Baba."

Da bindigar a hannuna. Bakinta yana kallon cikinsa.

Ban taɓa ganin rumfa ta yi fayau da sauri haka ba. Awudu ya shige ƙarƙashin tebur yana salati. Wasu turawa biyu suka zube bayan ginshiƙi. Alhaji kuwa, aikin jandarma bai bar jikinsa ba, ya yi rub da ciki a kan tsakuwa da babbar rigarsa, hularsa ta gangara gefe. Mai jar hula ya damƙe bakin bindigar ya mayar da shi wajen tudu, ya zare ta daga hannuna, ya buɗe. Babu ko harsashi ɗaya, na ƙarar da su duka a kan ƙasar Allah. Na yi murmushin wawa na ce ai ba komai a ciki.

"Ka san da haka lokacin da ka juya?" ya tambaye ni.

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Sai a lokacin na gane abin da saura kaɗan ya faru. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni, ga kwanson nan har yanzu yana gasa min ciki na kasa ko sosawa. Cikin ladabi mutumin ya ce in fita daga rumfar, na yau ya ƙare.

Alhaji ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki hula, ya same ni a jikin mota ina jiran a ce min in manta da Ramatu.

"Kakan naka me yake harbi?"

"Goro yake sayarwa, Baba."

"Bon," ya ce, wato "to" da Faransanci. "Na yi aiki da masu taurin kai, na yi da matsorata, ban taɓa ganin wanda zai kashe ni da gaisuwa ba. Wanda ya rene ka ya iya reno. Amma bindiga ba ta san suruki ba. Za ka koma wajen mai jar hular nan ka yi karatun kiyayewa tun daga farko, ka kawo min shaida. Sannan ka turo manyanka."

Na yi karatun, kunnuwa biyu a toshe, hula a mota. Aka ɗaura aure bayan Sallah. Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙarya don burge suruki, ka zaɓi wadda ba a gwada ta ran Asabar, in kuma hannunka yana riƙe da abin da ke kisa, gaisuwa ta jira, babba ba zai yi fushi ba.

Alhaji dai bai yafe gaba ɗaya ba. Har yau idan ya zo gidanmu ba ya shigowa kai tsaye. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya yadda jikokinsa za su ji: "Ramatu, me ke hannun mijinki?" Ko ludayi ne, sai na ajiye kafin ya yi sallama.