Matakala Uku a Ƙofar Coci

Ba zan taɓa mantawa da waɗanda suka tsaya a ƙofar cocinmu ranar nan ba: Fasto da matarsa, Malam Sule magini, wakilin dagaci da ya zo taya mu murna, matan zumunta cikin anko, da Saratu, ƙawata ta ƙuruciya, a keken guragu. Sai ni a gefe, ni kaɗai kamar kullum.

Tsohon coci ne na ƙasa, a ƙauyenmu kusa da Gwangwan. Tun ina amarya nake share shi. Maigidana ya rasu, 'ya'ya sun watse birni, aka bar ni da tsintsiya. Da aka tashi gyara, na ji an ce za a ƙara ɗaki don awon ciki da rigakafi, na Kirista da Musulmi duka. Sauran bayanin an karanta shi daga takarda ina waje ina korar awaki. (Ban tambaya ba. Ni ake tambaya, ko da yake an daɗe ba a yi ba.)

Sai na ga Malam Sule ya fasa matakalan ƙofa, ya zuba siminti a gangare sumul, ya lulluɓe da zana ya tafi. Na ce a raina, ka ga ragon magini. Ana jibi buki, mutane duk suna kasuwa, na kwaso tubalin tsohuwar katanga, na kwaɓa laka, na jera matakala uku a kan gangaren, na yaɓe tsaf, na mayar da zanar. Har yabon kaina na yi.

Ranar buki Fasto ya ce, "Shekara shida Mama Saratu ba ta shiga cocin nan ba, tun da ɓarin jikinta ya shanye. Yau da kekenta za ta shiga, ba mai ɗaukarta."

Aka yaye zana.

Malam Sule ya riƙe haɓa. "Subhanallahi. Wa ya yi mini wannan?"

Wakilin dagaci ya hau tarin da ba na mura ba. Saratu ta dubi yaɓen, ta dube ni, ta ce da rabin bakinta, "Na san hannun. Aiki ya yi kyau, 'yar uwa, ƙafar hawa ce ba ni da ita."

Maza huɗu suka ciccibe ta har da keken, tana rufe fuska da mayafi. Abin da take gudu ke nan duk shekarun nan. Ni kuwa a cikin shekarun nan sau biyu na leƙa gidanta. Da na zauna mun yi hira, da na san amfanin gangaren. Ashe ni mai sa ido kan kowa, ni ma ina bukatar kunne.

Washegari da sassafe na ɗauki fartanya na rushe aikina, na wanke simintin, na tafi gidan Saratu na yi sallama.

"Kin rushe?"

"Na rushe."

"To, tura ni mu gani."

Na tura ta har ciki. Ba kowa a cocin. Muka zauna, mu biyu.