Yadda Za Ka Ninka Ɗakinka da Turanci a Gaban Suruka

Kai da kake zaune a ɗaki ɗaya da matarka, katifa ɗaya, risho a bakin ƙofa, har yau kuma surukarka "wannan yaron" take ce maka, matso kusa. Ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin kafin shayinka ya huce ta sauya maka suna.

1. Tanadi kayan aiki
Kalmomi ne, kuma kyauta suke. Dabul, ninki biyu. Tiriful, ninki uku. Kwadiriful, ninki huɗu. Akwai kwintiful, amma bar shi tukuna, yana sa mutum ya ciji harshe.

2. San asalinsu
Turawan ma aro suka yi daga Latin, tushen kuwa ninkewa ce, irin wadda ake yi wa zani. Ka faɗi haka kana kallon silin. Ba a taɓa musa wa mai kallon silin ba.

3. Fara da ƙarami
Ka je gaishe da surukar taka tare da matarka. In ta ce, "Yaya aikin?" ka ce, "Alhamdu lillahi, Umma, ya zama dabul." Ba ƙarya ka yi ba. An sallami abokin aikinka, an ɗora maka nasa.

4. Haura sama
"An ce kun sake gida?"
"Ai na yanzu kwadiriful ne, Umma."
Matarka za ta zaro maka ido. Kada ka kula, kishin iliminka take yi. In Umma ta nemi bayani, ɗaga mata yatsu huɗu kawai. Ba sai ka ambaci labulayen da ka raba ɗakin da su ba: falo, uwar ɗaki, kicin, da lungun bokitai. Masu cewa baki shi ke yanka wuya ba su iya Turanci ba ne.

5. Karɓi girmanka
"Allah ya yi maka albarka, ɗana."
Ka ji ko? Ɗana! Wallahi kalmar nan da daɗi take, ka kuma daɗe kana jiranta. Sha daɗinta da sauri, don ba ta gama magana ba.
"To tunda Allah ya buɗa, ranar Asabar ni da ƙannena biyu za mu zo ganin likitan ido, wajenku za mu sauka. Kowa da ɗakinta, ku ma ga naku."

6. Nemi tabarma
Ko ka faɗi gaskiya yanzu ka mayar mata da "ɗana", ko ka ce, "Allah ya kawo ku lafiya, Umma." Na san wanda za ka zaɓa. Baranda ma akwai iska.

Gargaɗi
Ba ruwan mai wannan rubutu da sauro, ko ciwon baya, ko hararar da matarka za ta yi ta yi maka a hanyar gida. Ranar Asabar, in Umma ta ɗaga labulen farko ta ga bokitai, ta ce, "Ina wannan yaron?" to ban san ka ba, ba ka san ni ba.