Ranar da Aka Matsar da Tulin Yashi

Shekaranjiya da hantsi na shiga tulin yashi da babur. Ba gudu nake yi ba, ba waya nake yi ba. Tulin ya kai tsayin mutum. Na nufe shi kai tsaye kamar an aike ni. Babur ya tsaya cak, ni na wuce.

Kafin ku yi dariya, ku san da wa kuke yi. Shekara talatin da huɗu ina kan babur, ban taɓa tayar da shi ban duba shi ba. Kullum da safe sai na danna tayoyi da babban yatsa. In matsa birkin hannu, in taka na ƙafa. In ɗaga sarƙa in ji ko ta saki, in ɗiga mata mai. In zaro ma'aunin baƙin mai. In bi notuna ɗaya bayan ɗaya da sifana. In kunna fitila, in danna ham, in daidaita madubi, sannan in sa hular kwano. Wanda ya yi mini magana a wannan lokaci, da iska yake yi.

Saboda haka telan da ke maƙwabtaka da ni ya sa mini suna Injiniya. Shi ya fara isowa, ina tofar da yashi.

"Injiniya, birki ne ya ƙi?"

"Birkina bai taɓa ƙi ba."

"To yashin ne ya tare ka?"

"An matsar da shi."

"An matsar kam. Amma ban ga an rage masa tsawo ba."

Yashin nan manyanmu suka zuba shi shekara uku da suka wuce, wai za a gyara titi. Aka zo da jerin motoci, aka yanka ƙyalle, aka tafa, aka tafi. Tuli ya zauna a hagu har ciyawa ta fito masa, awaki suka mai da shi gida. Wannan makon aka ce wani ranka-ya-daɗe zai wuce, sai aka kwashe shi aka mai da shi dama, don a ga aiki na tafiya. Ba wanda ya sanar da ni.

Ni kuwa titin nan na haddace shi. Rami bakwai ne daga gida zuwa kasuwa. Na san mai zurfi, na san mai baki, na san wanda ake bi ta tsakiyarsa. Tunda masu girma ba sa taɓa komai, ban taɓa buƙatar ido ba. Allah ya saka musu da alheri, sun yi shekaru suna adana mini hanya yadda na san ta. Rana ɗaya suka yi aiki, na ci ƙasa.

A gida mai ɗakina ta zauna wanke mini gwiwa da ruwan ɗumi. Ba ta ɗago kai ba.

"Malam, ma'aunin baƙin man nan, da ido kake duba shi ko da yatsa?"

Na ja ƙafata. Ta jawo ta, ta ci gaba.

"Wata nawa ina kallonka kana shafa shi. Jiya har buhun gawayi ka gaisar a ƙofar gida."

"Ya yi kama da mai gawayin."

"Kullum kana duba babur. Wanda ke kansa fa, wa ke duba shi? Yau yashi ne. Gobe ɗan wani ne."

Na ce a ɗauko mini takardata. Ina da takarda mai hatimi da ta ce idona lafiya lau. Watan jiya Kwamitin Kula da Lafiyar Mahaya ya kira mu tantancewa. Na wanke babur, na goge shi, na yi layi har rana ta take. Zuciyata ta ba ni za a kira jama'a a ce su zo su ga yadda ake riƙe babur. Yallaɓai mai hatimi ko tashi daga kujera bai yi ba.

"Baba, babur ɗin yana tashi?"

"Yana tashi."

Ya buga hatimi.

"Kana gani?"

"Ina ganinka."

Ya sake bugawa. Ban yi ƙarya ba, na ga wani abu fari mai faɗi a bayan tebur. Allon gwajin ido, in ji tela, yana jingine a bango cikin ledarsa tun ranar da aka ƙaddamar da shi. Mutumin da ke bayana a layi, birkinsa takalminsa ne. Shi ma ya ci.

Mai ɗakina ta karɓi takardar, ta miƙo mini.

"Karanta mini."

Na juya ta, na nisanta ta, na kusanto da ita. Ta karɓe abinta ta ci gaba da gwiwa.

Ina da doka tun ina saurayi: babur mai raunin fitila ba ya fita daga gidana. Ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ba zan fara a kaina ba. Na aika aka kira surukina, mijin 'yata ta biyu, na miƙa masa makulli. Hannuna ya ɗan ƙi saki, sai da ya ja.

"Kai za ka riƙa tuƙawa. Ni zan riƙa dubawa. Ba ka tayar da shi sai na ce."

"To, Baba. Sai dai takardata ta tuƙi ba ta fito ba. Wata takwas ke nan, sun ce injin bugawa ya lalace."

Jiya ya kai ni wurin kwamitin, na ce a soke tawa, ba na gani. Yallaɓai ya ce babu fom ɗin wannan. Tunda hatimi ya hau, ina gani har nan da shekara uku.

Don haka in kun ga wani tsoho a bayan babur, ya ɗaure fuska, yana yi wa direba tsawa, kada ku raina shi. A cikin mu biyu, shi kaɗai hukuma ta yarda ya tuƙa.