Nomau da Warin Fetur

A garinmu akwai wani magidanci, Nomau, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ba shi da ƙeta ko kaɗan, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Wansa Jatau bakanike ne, don darajar mahaifiyarsu yake riƙe da shi a gareji. Da aka turo tsohuwar a-kori-kurar da ke kai tumatirin gari kasuwa, ta ƙi tashi, Jatau ya ce a kanta zai gwada shi. In ya ɓata aiki, ya koma gona. Nomau kuwa ba ya son rabuwa da wansa.

Wata rana Jatau ya ce masa ya cire wayar kan batir, kada ya bari ta taɓa komai. Shi kuma Jatau ya tafi ɗaurin aure. Nomau ya ɗaga wayar sama ya tsaya, tun hantsi har azahar. Matarsa Tabawa sai a baki ta ba shi fura, tana faɗa.

Wata rana kuma aka gargaɗe shi kada ya kama wayar filogi da hannu, tana fizgar mutum, ya nemi busasshen abu ya riƙe da shi. Ya je gida ya ɗauko busasshen kifin miya. Ranar lami suka sha, Tabawa ta ƙi kula shi.

Wata rana, ana gobe kasuwa, za a gwada ko filogi na ba da tartsatsi. Jatau ya miƙa masa tsumma ya ce ya goge fetur ɗin jikin inji har wari ya ɗauke, sannan a murɗa makulli. Nomau ya goge, ya sunsuna, ya sake gogewa. La'asar ta yi, manoma sun jibge kwanduna suna tsaki, shi kuma ya jefa makulli a aljihu ya hana.

"Yaya, wari bai ɗauke ba."

Jatau ya fizge tsumman a fusace, ya ji shi sharkaf. Ya leƙa. Ashe tiyon mai ne ya tsage, yana ɗiga daidai inda zai ajiye filogin. Da an murɗa, da fuskarsa wutar za ta fara.

Ya canja tiyo, aka gwada, mota ta tashi. Sai ya dubi ƙanensa ya ce gobe ya zo da wuri. Har ya juya, ya dawo.

"Bayan sallar asuba nake nufi, Nomau. Ka kwana a gidanka."